Tambayoyi da Amsoshi Kan Inganta Sashen Bakteriya a Matatar Ruwan Ƙazanta

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga bakin masu hulɗa da matatun ruwan ƙazanta a Kaduna da kewaye: ma'aikatan sashen ayyuka na asibitoci da makarantu, masu kula da rukunin gidaje, injiniyoyin gwamnati, har da maƙwabtan da wari ya hana su shan iska a ƙofar gida. An fara da masu sauƙi, a hankali aka gangara zuwa masu zurfi.

1. Mene ne sashen bakteriya, kuma me ya bambanta shi da sauran sassan matata?

Ruwan da ya fito daga bandaki da kicin da wurin wanki, mataki uku yake bi kafin a sake shi. Da farko akwai ragar ƙarfe mai tare leda da tsumma da kwalabe, sai ramin da yashi ke kwanciya, sai tankin da kauri ke zama a ƙasa. Duk wannan bai wuce raba ruwa da abin da ido ke gani ba, kuma abin da yake cirewa na ainihin dattin bai cika wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Ragowar ya narke a cikin ruwan, babu ragar da za ta kama shi.

A mataki na biyu ne, wato sashen bakteriya, ake tara bakteriya a wani tanki da ake hura wa iska su cinye wannan narkakken datti, su mayar da shi iska da ruwa da ƙarin bakteriya. Idan suka yi yawa sai su dunƙule su zama laka ruwan ƙasa-ƙasa, wadda ake kira laka mai rai. Ana kwantar da ita a wani tanki, ruwa garai-garai ya zuba ta sama, a mayar da mafi yawan lakar baya ta ci gaba da ci. Edward Ardern da William Lockett ne suka bayyana wannan dabara a Mancesta ta Ingila a 1914. Mataki na uku shi ne kashe ƙwayoyin cuta da kulorin ko da hasken rana.

Wanda zai fahimci sashen nan ya ɗauke shi a matsayin kiwo. Dabbobi ne da ido ba ya gani, suna son abinci daidai gwargwado, suna son iska, guba na kashe su, kuma idan garken ya yi yawa dole a rage.

2. Mu da yawancinmu sokawe da masai muke da su, ina ruwanmu da wannan?

Gaskiya ne, mafi yawan gidajen Kaduna ba a haɗe suke da wani bututun gari ba. Daga Tudun Wada har Barnawa, rami ne a bayan gida, in ya cika a kira mota. Matatar gari sosai mai aiki da laka mai rai sai an je Wupa a Abuja, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da tafkunan tace nata ruwan a Samaru. Abin da ya fi yawa a nan shi ne ƙananan matatu na rukunin gidaje, da manyan makarantu, da asibitoci, da masana'antu.

Amma duk abin da ya fita daga waɗannan wurare, kai tsaye ko ta lambatu, Kogin Kaduna yake nufa. Daga kogin nan ake ɗebo ruwan famfon da ake tacewa a Malali, daga shi masu lambu suke ban ruwa da rani. Latas ɗin da aka saya a Kasuwar Bacci ba shi da shaidar inda ya sha ruwa.

3. Yaya za mu gane cewa tamu ta kai lokacin gyara?

Hanci da ido suna riga ma'auni. Laka mai lafiya launin shayi da madara ne da ita, ƙanshinta kamar ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Idan ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ta gaza. Farin kumfa mai tashi kamar na omo yana nufin garken ya yi ƙuruciya ko ya yi kaɗan. Kumfa mai kauri ruwan ƙasa, mai maiƙo, alama ce ta tsohuwar laka ko kitse ya yi yawa a ruwan da ke shigowa.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kobo. A ɗebi lita ɗaya daga tankin iska a zuba a doguwar kwalba mai ma'auni, a ajiye minti 30. Lafiyayyar laka za ta kwanta ta bar ruwa mai haske a sama, layin rabuwarsu a fili kamar an ja shi da zare. Idan bayan rabin awa har yanzu ta cika kwalbar fal tana lilo kamar auduga, to bakteriya masu siffar zare sun yi rinjaye, kuma irin wannan laka ce ke tsallake tanki ta bi ruwa waje. Sai dai a lura: ba kowace alama ce ke nufin a kira ɗan kwangila ba. Duba tambaya ta 5.

4. Mene ne wannan BOD da injiniyoyi ba sa rabuwa da ambatonsa?

Awo ne na yawan iskar oksijin da bakteriya za su sha kafin su cinye dattin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa. Ana rufe ruwan a kwalba kwana 5 a ma'aunin zafi 20, a ga nawa oksijin ya ragu. Ɗanyen ruwan ƙazantar gida yakan kai miligiram 200 zuwa 400 a lita, yana kuma wuce haka a unguwar da ruwa ke wahala, tunda dattin bai samu abin da zai tsinka shi ba. Matata mai aiki yadda ya kamata tana sauke shi zuwa 20 ko 30.

Ga lissafi mai sauƙi. Mutum ɗaya yana fitar da giram 40 zuwa 60 na BOD a rana. Rukunin gidaje mai mutum 5,000, idan aka ɗauki giram 50, zai ba da kilo 250 kowace rana. Wannan shi ne abincin da garken zai ci, kuma a kansa ake auna girman tanki da ƙarfin injin iska. Matatar da aka gina wa mutum dubu biyu, yau dubu biyar ke amfani da ita, ba maita ba ce ta lalata ta.

5. Kafin a ba da kwangila, me ya kamata mu fara yi?

A yi awo, a kuma yi shi na tsawon lokaci: yawan ruwan da ke shigowa da safe da rana da dare, da rani da damina, da BOD na shiga da na fita, da amoniya, da yawan oksijin a kusurwoyin tanki daban-daban, da nauyin laka a kowace lita. Ɗiban ruwa sau ɗaya ranar Talata da hantsi ba awo ba ne.

Na taɓa ziyartar wata matata a wani rukunin gidaje a kudancin gari, inda aka riga aka rubuta takardar neman kuɗin sabon tanki. Muna zagayawa sai na ga famfon da ke mayar da laka baya ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin makunninsa. Na tambayi dattijon da ke kula da wurin, "Baba, yaushe rabon wannan da aiki?" Ya ce, "Ranka ya daɗe Injiniya, tun kafin azumin bara. Na faɗa, aka ce in jira." Tankin iska yana ta tafasa, injin na shan dizal, amma babu garke a ciki, duk lakar ta taru a ɗaya tankin tana ruɓewa. Kuɗin gyaran famfon bai kai na fentin sabon tankin da ake nema ba.

Shi ya sa a ganina matakin farko na kowane gyara shi ne a dawo da abin da ake da shi kan ƙafarsa, a yashe yashin da ya cinye zurfin tanki, a gudanar da shi wata biyu ko uku yadda aka tsara. Sannan ne za a san ainihin giɓin.

6. Idan awo ya nuna lallai sai an ƙara, waɗanne hanyoyi ake da su?

Mafi sauƙi a sauya tsarin hura iska, a bar tankin yadda yake (tambaya ta 7). Na biyu a raba tankin da katanga, a ware wani ɓangare marar iska domin cire nitirojin (tambaya ta 9). Na uku a zuba robobin da bakteriya ke maƙalewa a jikinsu, tanki ɗaya ya ɗauki garke mafi girma (tambaya ta 10). Inda akwai fili, ana iya ƙara tafkuna (tambaya ta 11). Akwai kuma tankin da ke aiki ba iska, wanda Gatze Lettinga ya ƙirƙira a Holan a shekarun 1970, ake kiransa UASB. Ƙasashe masu zafi irin su Barazil da Indiya sun rungume shi domin ba ya cin wuta sosai, yana ma ba da iskar gas, amma ruwan da ya fito daga gare shi sai an ƙara masa wani mataki.

Sau da yawa kuma matsalar tana tankin kwantar da laka ne. Idan ya yi ƙarami, komai ƙoƙarin bakteriya, ruwa zai kwashe su ya fita da su.

7. Me ya sa ake cewa iska ita ce rabin aikin?

Domin ita ke cin rabin wutar matata ko fiye. Abin da ake nema a tankin shi ne oksijin kusan miligiram 2 a lita. In ya yi ƙasa sosai, wari da bakteriya masu zare su taso. In ya yi sama sosai, kuɗi ne ake hurawa sama. Tsofaffin matatu da yawa suna da farfela mai bugun saman ruwa, ko bututu mai fitar da manyan kumfa. Faifan roba mai ƙananan huji da ake shimfiɗawa a ƙasan tanki yana fitar da kumfa sirara masu tashi a hankali, oksijin ya fi samun lokacin narkewa, don haka da wuta ɗaya ana samun iska mafi yawa. Illarsa ita ce hujin yana toshewa, robar tana tsufa, kuma sai an zubar da ruwan tanki kafin a canza, in ba an saka irin wanda ake ɗagowa ba.

Zafi ma yana da nasa. Ruwa mai zafin 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, a zafin 30 kuwa bai kai 8 ba, alhali a lokacin ne bakteriya suka fi ci da sauri. Injin da aka auna wa sanyin Turai zai yi haki a watan Maris da Afrilu na Kaduna.

8. To idan aka ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi wa duk mai tallan na'ura. Awa biyu ko uku ba iska, laka mai rai tana jurewa. Kwana guda ko biyu, ta fara baƙi, bakteriya masu cin amoniya (tambaya ta 9) su fara mutuwa, kuma su ba a mayar da su sai an yi makonni. Matatar da numfashinta ya dogara ga janareta, dizal ɗin kuma ya dogara ga sa hannun wani da ya yi tafiya, to rayuwarta tana hannun Allah.

Abin yi shi ne a raba layin wuta, injin iska ɗaya da famfon mayar da laka su kasance a kan ƙaramin janareta ko sola na kansu, ba sai an tayar da babban inji ba. A sayi injin iska biyu ko uku matsakaita maimakon ƙato guda. Kuma a rubuta kuɗin wuta da dizal na shekara a takarda ɗaya da kuɗin gini, masu sa hannu su gan su tare. Idan lissafin bai fita ba, a koma tambaya ta 11.

9. Ruwanmu yana fita da haske, amma an ce amoniya ta yi yawa. Kuma laka tana tasowa gunduwa-gunduwa a tankin ƙarshe. Me ke faruwa?

Amoniya daga fitsari take, tana kashe kifi, tana kuma shanye oksijin na kogi. Bakteriyan da ke mayar da ita nitiret jinkirin haihuwa gare su, don haka sai an bar laka ta daɗe a matata, kamar kwana 8 zuwa 15, kafin su kafu. Aikinsu da tsada: kowane giram na nitirojin da ke cikin amoniyar yana cin oksijin giram 4.6, yana kuma sa ruwa tsami. Idan tsamin ya yi yawa su da kansu suke tsayawa, sai an ƙara farar ƙasa ko soda.

Tasowar laka kuwa labarin ƙasa mai zafi ne. A yanayinmu masu cin amoniya suna kafuwa ko ba a gayyace su ba. Nitiret ɗin da suka yi yana shiga tankin kwantar da laka, can ƙasa inda ba iska wasu bakteriya su mayar da shi iskar nitirojin, kumfar ta ɗago lakar sama kamar ƙullun da ya kumbura. Maganin shi ne a ba su wurin yin wannan aiki tun da wuri: a ware farkon tanki, a cire masa iska, a sa abin motsa ruwa kawai, a riƙa dawo da ruwan ƙarshen tanki zuwa can. Riba uku ce: nitirojin ya fita, tsamin ruwan ya ragu, buƙatar iska ta ragu.

10. An yi mana tallan robobi masu yawo da kuma tsarin rariya. Wanne ya fi?

Robobin, waɗanda 'yan kwangila ke kira MBBR, a Norwe aka ƙirƙiro su a ƙarshen shekarun 1980. Ƙananan abubuwa ne kamar taliyar makaroni mai rassa a ciki, ana zuba su har kusan kashi biyu bisa uku na tanki, iska tana juya su, bakteriya na zaune a jikinsu. Amfaninsu ga mai tsohon tanki shi ne ba sai ya yi sabon gini ba, kuma garken da ya maƙale ba ya saurin wankewa. Amma dole a sa raga a bakin fita, in ba haka ba a wayi gari ana tsintar robobi a rafi. Dole kuma ragar farko ta zama mai kyau, domin gashi da leda suna cukurkuɗe su.

Tsarin rariya, wato MBR, yana tace ruwa ta wata fata mai hujin da ko bakteriya ba ya wucewa. Ruwansa ya fi na kowa haske, ba ya cin fili, laka tana kai miligiram 8,000 zuwa 12,000 a lita, alhali tsarin da aka saba bai cika wuce 4,000 ba. Sai dai yana son wuta ba yankewa, da sinadaran wanki, da ma'aikaci ƙwararre, da kuɗin waje ranar da fatar ta mutu. Otal ko masana'antar da ke son sake amfani da ruwanta tana iya ɗauka. Ga matatar da har yanzu ake roƙon kuɗin man giris, ni ba na ba da shawararsa.

11. Tafkuna ba komawa baya ba ne?

Ko kaɗan. Ana jera su ne: na farko mai zurfin mita 2 zuwa 5 inda kauri ke ruɓewa ba iska, na biyu mai kimanin mita ɗaya da rabi inda gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana, sai na ƙarshe marasa zurfi inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta. Ba sa neman wuta, kuma wajen kwantar da ƙwan tsutsar ciki sun fi laka mai rai nesa ba kusa ba. Rana kuwa Allah ya hore mana.

Kuɗinsu fili ne. Kowane mutum yana buƙatar murabba'in mita 2 zuwa 5, alhali laka mai rai ba ta cin ko rabin mita. A tsakiyar gari wannan ba zai yiwu ba, amma a bayan gari ya kamata a fara duba shi. A katange su saboda yara da shanu, a riƙa yanke ciyawar baki da kwashe kainuwa don kada sauro ya samu gida, a kuma yashe na farkon duk bayan 'yan shekaru.

12. Me damina da hunturu suke yi wa matata?

A Agusta da Satumba ruwan sama yana shiga ta fasassun bututu da murafen da aka sace, da kuma indararon da wasu ke haɗawa da layin bandaki. Ruwa ya ninka, ya kwashe laka ya yi waje da ita. Toshe waɗannan kafofi ya fi gina ƙarin tanki araha. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matacin injin iska, ya yi zafi ya ƙone. A lokacin a riƙa duba matacin kowane mako.

13. Za mu iya karɓar motocin kwasar masai, da ruwan mahauta ko na rini?

Abin da mota ke kawowa ya ninka ruwan bututu ƙarfi sau da yawa, ga yashi da tsumma. Juye shi kai tsaye a tankin iska kamar a ɗura wa jariri tuwon dawa ne. A yi masa wurin karɓa daban mai raga, kaurin ya tafi gadon shanya, ruwan kawai a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, musamman da dare lokacin da matata ke da sarari.

Jinin mahauta da kitse sai an tare su tun daga can. Ruwan rini da na masana'anta kuwa, Kaduna ta san shi tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957: yana zuwa da launi da kaifin soda, wani lokaci da ƙarafa masu guba. Baƙin mai daga garejin makanikai ma haka. Duk mai irin wannan ruwa ya fara gyara shi a harabarsa kafin ya haɗa da na jama'a.

14. Sai an rufe matata yayin aikin? Kuma yaushe za a ga sakamako?

Bandaki ba ya hutu, don haka ana yi ne layi-layi: a juya ruwa zuwa tanki ɗaya, a gyara ɗayan. Da rani ake irin wannan aiki. Bayan an gama, a ɗebo laka mai rai daga wata matata mai lafiya a zuba a matsayin iri, kamar yadda ake ɗiban tsohon nono a kafa sabo. BOD yakan sauka cikin mako biyu zuwa uku, amoniya ta fi jan lokaci. Kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe ranar yanke kyalle. A rubuta cikin yarjejeniya cewa sai awon ɗakin gwaji mai zaman kansa ya nuna sakamako na watanni a jere, an koyar da ma'aikata, an kuma miƙa kayan canji.

15. Ina za a kai lakar da ta yi yawa, kuma manoma za su iya amfani da ruwan?

Duk gyaran da ya yi nasara ƙarin laka yake haifarwa, kuma nan ake yawan mantawa. Gadon shanya mai yashi da tsakuwa a ƙasa ya dace da ranin Kaduna, da damina kuwa sai da rumfa. Busasshiyar laka taki ce, amma ƙwan tsutsa yana daɗewa da rai a cikinta, don haka a haɗa ta da shara mai ruɓewa a bar ta ta yi zafi, ko a adana ta watanni masu yawa kafin a kai gona.

Ga ruwan ban lambu na kayan da ake ci ɗanye, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1989 ta ce kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita, kada bakteriyan kashi su wuce 1,000 a mililita 100. Laka mai rai ita kaɗai ba ta kai wannan matsayi, sai an ƙara wani mataki irin su tafkin ƙarshe.

16. Wane izini ake nema, kuma wane haɗari ma'aikata ke fuskanta?

A jiha a tuntuɓi KEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, a tarayya kuwa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa wadda aka kafa a 2007, ita ke kula da ƙa'idojin ruwan da ake saki. Babban aiki yana iya shiga ƙarƙashin dokar tantance tasirin muhalli ta 1992. A karɓi iyakokin da ake buƙata a rubuce kafin a zana komai, domin a kansu za a yi lissafin tambaya ta 4 da ta 9.

Haɗari mafi muni shi ne shiga tanki ko rami don yasa. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, sai ya faɗi. Mai shiga ceto ba shiri shi ma ya bi shi. Kada kowa ya sauka sai an hura iska a ramin, an auna da na'ura, an ɗaura masa igiya, mutum biyu na tsaye a sama. A bakin tankin iska kuma a sa shinge da tayar ceto, domin ruwan yana juyawa da ƙarfi, bangon yana da santsi, wanda ya faɗa ba shi da abin kamawa.